Yadda na riƙe kad-rida a zaɓen tazarcen gwamnan Kano na 2019

Kuɗin alawus ne ya kai ni aikin zaɓe, gara in faɗi haka tun farko kafin wani ya ɗauka kishin ƙasa ne ya hana ni barci. Ina ajin ƙarshe a jami'a, malamanmu sun shiga yajin aiki tun watan Nuwamban 2018, muna zaune a gida babu karatu babu sana'a. Wani abokina ya ce hukumar zaɓe na ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, ɗaliban jami'a ma suna iya nema. Muka je kafe muka cike fom ta intanet, muka manta da zancen. Sai ga sunana ya fito.

Gidanmu a lokacin kamar majalisa yake. Baba ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya kusa ritaya, kuma ra'ayinsa bai taɓa sauyawa ba: wanda ya fara gini a bar shi ya ƙarasa. Idan ya ji an ambaci gadoji da titunan da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje na APC yake yi, sai ya ɗaga yatsu huɗu na dama da huɗu na hagu, alamar 4+4, don kawai ya tsokani Yaya. Shi kuwa Yaya ko masallaci zai je sai da jar hula, kuma a bakinsa Abba Kabir Yusuf, ɗan takarar PDP a lokacin, ya riga ya ci, rantsarwa kawai ake jira. Idan gardama ta yi zafi Yaya ya kawo zancen bidiyon dala, Baba ya ce ai gwamna ya musanta, kuma ba kotun da ta kama shi da laifi. Umma ce ke raba su da kwanon tuwo. Da na gaya musu an ɗauke ni aiki, kowannensu ya dube ni kamar an ba shi ejan kyauta. Baba ne ya fara dawowa hayyacinsa, ya ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah, kada ka ƙara ko ɗaya, kada ka rage ko ɗaya."

Horon kwana uku aka yi mana a ajin wata makarantar sakandare, mun fi ƙarfin bencinan. A nan na san cewa kowace rumfa tana da shugaba, wanda galibi ɗan bautar ƙasa ne, da mataimaka uku: na farko yana riƙe da na'urar tantance katin zaɓe ta lokacin, wadda kowa ke ce wa kad-rida, na biyu yana duba suna a rajista ya shafa wa mutum tawada a farce, na uku yana kula da layi. Ni aka ba na'ura. Mai koyar da mu ya daɗe a kan abu guda har muka fara gajiya: idan ƙuri'un da ke cikin akwati suka fi adadin mutanen da aka tantance, an yi aringizo ke nan, za a soke sakamakon rumfar baki ɗaya. Na rubuta a littafina kamar yadda ake rubuta abin da ba a sa ran zai fito a jarrabawa.

Zaɓen shugaban ƙasa ba shi ne labarina ba, don haka zan wuce shi da sauri. Muna kwance a kan tabarmi daren 16 ga Fabrairu, wajen ƙarfe biyu da rabi, aka sanar an ɗage shi da mako guda. Wannan ya tura na gwamna daga 2 ga Maris zuwa 9 ga Maris. Ranar 23 ga Fabrairu aka yi na shugaban ƙasa, kuma a rumfarmu kusan baki ɗaya layin ra'ayinsa guda ne. Buhari ya tashi da ƙuri'a 1,464,768 a Kano, Atiku 391,593. Da yamma ejan-ejan ma hira suke yi. Wani dattijo da ya zo karɓar katinsa daga hannuna ya ce, "Yaro, wannan sharar fage ce. Na gida yana tafe."

Ranar Juma'a 8 ga Maris bayan la'asar muka hallara a sansanin mazaɓa, wanda ake ce wa RAC, wata firamare ce a gefen birni. A nan ake kwana don a fita da sassafe. Sufabaiza ta kira rumfa-rumfa tana miƙa kaya: akwatuna biyu, ɗaya na gwamna ɗaya na ɗan majalisar jiha, damman takardun ƙuri'a, rajista, hatimi, tawada, ɗan akurkin da ake shiga a dangwala, da fom ɗin sakamako. Shugabar rumfarmu 'yar bautar ƙasa ce daga kudu maso gabas, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Kofa muke kiranta, kamar yadda ake kiran dukansu. Ta zauna a ƙasa da tocilan a baki tana duba lambar farko da ta ƙarshe ta kowane dami, tana rubutawa. Fom ɗin sakamakon kuwa, wanda ake kira EC8A, ba ta sa shi a jaka ba. Ta naɗe shi a leda ta cusa cikin rigarta ta kaki, a haka ta kwana. Na yi mata dariya a lokacin.

Ni kuma aikina caji. Janareto ɗaya ne, soket kaɗan, kowa na son ya sa wayarsa. Na zauna kusa da na'urata ina gadinta kamar mai jiran jinya, sauro na cin ƙafata. Sanyin Fabrairu ya tafi, zafin bazara ya fara leƙowa, ajin ya cika da warin maganin sauro da numfashin mutane. Ba wanda ya yi barcin kirki. A waje 'yan sanda na hira da direbobin motocin da za su kai mu, kuma hirar ɗaya ce: wa zai ci gobe.

Kafin ƙarfe takwas muna rumfa, a ƙarƙashin wata darbejiya a harabar wata firamaren. Mun tarar da layi biyu sun riga sun miƙe, na maza da na mata, kuma na matan ya fi tsawo. Kofa ta ɗaga akwatunan sama ta kife su kowa ya ga babu komai a ciki, ni kuma na zama tafinta, ina maimaita bayaninta da Hausa: kati a hannu, ba a shiga wurin dangwale da waya, a dangwala a gida ɗaya tak. Ejan na APC da na PDP maƙwabtan juna ne, tare ma suka sayi ƙosai da safen. Amma da aka fara aiki kowannensu ya ja kujerarsa ya zauna a inda zai riƙa ganin hannuna.

Tun daga mutum goma na farko na gane wannan ranar ba irin ta makonni biyu da suka wuce ba ce. Waccan ranar mutane suna raha a layi. Yau kowa ya tsuke baki yana kallon na gabansa. Masu cewa "sak" suna nan, wato tsintsiya daga sama har ƙasa. Masu shinkafa da wake ma suna nan, waɗanda suka ba Buhari a Fabrairu amma yau lema suka zo nema. Ba mai faɗa da baki, sai dai ka gani a hula ko a yadda mutum ke gaisa da ejan.

Aikin na'urar a baki mai sauƙi ne. Ka ɗora katin a jikinta, hoton mutum ya fito, ka dubi fuskarsa, sannan ya ɗora yatsa. Karanta kati ba ya ba ta wuya. Yatsa ne rigima. Matasa 'yan makaranta da sun taɓa take ganewa. Amma kawo mata babban yatsan tsohon da ya shekara arba'in yana riƙe fartanya, ko na matar da ta sha lalle har ya yi baƙi, ko na mai wankau, sai ta tsaya tana tunani. Mu goge yatsan da auduga, mu gwada na hagu, mu gwada manuni. Ni kuma ba zan kama hannun matar mutane in danna ba, sai abokiyar aikina mai rajista ta taso ta riƙe mata yatsan. Ƙa'idar shekarar ta ce idan na'ura ta karanta katin amma ta kasa gane yatsa, mutum ya dangwala a gefen sunansa a rajista, ya ba da lambar waya, ya wuce ya yi zaɓensa. Sai da na faɗi wannan ya fi sau talatin, domin duk wanda yatsansa ya ƙi, ejan ɗaya zai ce a bar shi, ɗayan ya ce a tsaya, gwargwadon yadda kowannensu ya karanci fuskar mutumin.

Wata tsohuwa, ta kai sa'ar kakata, ta karɓi takardarta ta juya ta sama ta juya ta ƙasa. Takardar doguwa ce, jam'iyyu sun yi yawa a shekarar, 91 ke da rajista a ƙasar, kuma babu hoton ɗan takara ko sunansa, sai tambarin jam'iyya kawai. Ta dawo wurina ta ce, "Ɗan nan, ina gwamnan yake a nan?" Ban san ko gwamna mai ci take nufi ba ko kujerar gwamna. Na ce, "Iya, ba a ba ni ikon nuna miki ba. Ki nemi alamar da kika zo dominta." Ta ce, "To kai meye amfaninka?" Layi ya fashe da dariya, dariyar farko da aka yi a ranar. Ta shiga ta daɗe, ta fito tana hura yatsanta.

Akwai kuma masu tambayar ko Abba yana cikin takarar ma, saboda ana saura kwanaki kaɗan zaɓe wata kotun tarayya a Kano ta yanke hukunci a kan zaɓen fid da gwanin PDP, labarin ya karaɗe gari, kowa da irin fassararsa. Amsata ɗaya ce: ga takarda nan, duk tambarin da ke kanta ana iya zaɓarsa.

Wajen azahar wani mutum ya matso kusa da teburina. Yana da shekaru, shaddarsa ta sha guga, ba ejan ba ne don ba shi da kati a wuya. Ya gaishe ni da sunan mahaifina, ya faɗi ofishin da Baba yake aiki, ya ce a gaishe shi. Sannan ya ajiye ledar ruwa da lemo, ya ce akwai "ɗan kuɗin mota" a ƙasan ledar, mu raba mu huɗu. Bai nemi komai ba. Ba zan faɗi ɓangarensa ba, domin kafin la'asar ɗaya ɓangaren ma sun aiko da tasu ledar ta hannun wani yaro. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ambaton ofishin Baba. Zaɓen shugaban ƙasa ba wanda ya san ɗan wane ne ni. Zaɓen gwamna mai neman tazarce kuwa, duk wanda ke wurin akwai igiyar da ta ɗaure shi da gwamnatin: albashin wani, fanshon wani, rumfar kasuwar wani, gurbin karatun ɗan wani, ko haushin an hana shi ɗaya daga cikin waɗannan. Na gaya wa Kofa da Turanci. Ta ɗauki ledar da yatsa biyu ta miƙa wa ɗan sandan da ke tare da mu ta ce ya mayar. Ƙishirwa kuwa muna ji, sai da muka aika aka sayo mana fiya-wata da kuɗinmu.

Can bayan katanga ana ta hada-hada, mata na fita su zagaya su dawo da abu a ƙarƙashin hijabi. Ban gani da idona ba, aikina yana kan tebur, kuma katangar ba ta cikin rumfata.

Ƙarfe biyu daidai ɗan sanda ya je ya tsaya a bayan mutum na ƙarshe a layi. Wanda ke ciki zai yi zaɓe ko da dare zai kai, wanda ya zo bayan nan ya makara. Ba mu gama ba sai bayan la'asar. Na duba adadin da na'ura ta tantance na faɗa da ƙarfi, mai rajista ta ƙirga alamominta, suka zo daidai. Kofa ta soke ragowar takardun da ba a yi amfani da su ba. Sannan aka zazzage akwatin gwamna a kan tebur.

Ba wanda ya tafi gida. Taken da aka shekara ana yi wa mutane, a kasa, a tsare, a raka, ranar na gan shi a aikace. Sun kewaye mu har iska ba ta shigowa, yara sun hau bishiya. Kafin a rarraba ta jam'iyya-jam'iyya, Kofa ta ce a fara ƙirga jimillar takardun. Muka ƙirga. Suka fi adadin na'urata da uku.

Ban taɓa jin gumi mai sanyi irin na wannan lokacin ba. Ejan ɗin da ya ga alamar ba shi ke kan gaba ba ya miƙe yana cewa aringizo ne, a soke. Ɗayan ya ce ƙarya ne, a sake ƙirgawa. Mutane suka fara matsowa, wani daga baya yana cewa, "Mai na'urar nan ne, tun safe nake kallonsa." Ɗan sandanmu ɗaya ne, kuma ko sanda babu a hannunsa. Kofa ta dube ni tana tambayar me suke cewa, na ce mata kawai a sake ƙirgawa. Aka sake, uku ɗin suna nan. Abokiyar aikinmu mai rajista ce Allah ya ba basira, ta ce a buɗe kowace takarda a duba kanta. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga takardun ɗan majalisar jiha guda uku a cikin na gwamna. Mutane ne suka naɗe suka jefa a akwatin da ba nasa ba. Na ɗaga su sama na yi bayani da iyakar muryata. Da aka buɗe ɗaya akwatin aka tarar ya gaza da uku cif. Wanda ya ce tun safe yake kallona ban sake jin muryarsa ba.

Daga nan aka kasa ƙuri'u, kowace jam'iyya da tulinta. Tuli biyu ne manya, na PRP ta Malam Salihu Sagir Takai ya ɗan taɓuka, sauran kuwa ɗaya, biyu, ko babu. Rigima ta biyu a kan lalatattun ƙuri'u ce. Mutum ya dangwala da tawada mai yawa, ya naɗe takardar tun ba ta bushe ba, sai ta bar tabo a gidan wata jam'iyyar. Kowace irin wannan sai an ɗaga ta an yi shari'a a kanta, kuma ejan ɗin da ya rantse cewa tabo ba komai ba ne a takardar farko, shi ne zai rantse tabo ya ɓata ta biyu. Kofa ce mai yanke hukunci, ta kuma yi ƙoƙari ta auna su da mudu ɗaya. Sannan aka ƙirga da baki, ita tana ɗagawa, jama'a na amsawa, "Ɗaya! Biyu! Uku!" har ƙarshe. Ratar da ke tsakanin manyan biyun a rumfarmu ba ta da yawa. Waɗanda suka ci suka yi kabbara, waɗanda suka faɗi suka ce saura sauran akwatuna.

Sai ta zaro fom ɗin nan daga rigarta. EC8A takarda ɗaya ce mai kwafi-kwafi a ƙarƙashinta, amma duk wahalar yinin a kanta take ƙarewa: masu rajista nawa, waɗanda aka tantance nawa, takardun da aka ba rumfa, waɗanda suka rage, waɗanda suka lalace, sahihai, sannan abin da kowace jam'iyya ta samu, da lamba da kuma kalmomi. Ba a son gyara ko kankara a jikinta, don ko gyaran gaskiya ne lauya zai iya mayar da shi hujja a kotu. Magariba ta yi, na haska mata da wayata, muka fara rubuta komai a bayan wani kwali muka tara muka ga ya daidaita, sannan ta kwafa a hankali kamar mai rubutun allo. Ejan ɗin da ya sha kaye ya koma gefe ya yi waya ya daɗe, ya dawo ya ce an ce kada ya sa hannu. Kofa ta ce ba dole, ƙin sa hannunsa ba ya ɓata sakamako. Ya tsaya ya yi shiru, maƙwabcinsa ya ce, "Haba, a gabanka fa aka ƙirga." Ya karɓi biro ya sa. Aka ba kowane ejan kwafinsa, aka ba ɗan sanda, aka manna babbar takardar sakamako a bangon aji, mutane suka yi ta ɗaukar ta a waya.

Rakiya ta rage. Motarmu na gaba, babura da masu gudu da ƙafa na biye har cibiyar tattara sakamakon mazaɓa. A can layi ne na shugabannin rumfuna, kowa rungume da takardarsa. Jami'in tattarawa malamin jami'a ne, yana karɓa ɗaya bayan ɗaya, ya duba lissafi, ya kwafa a fom ɗin mazaɓa, EC8B. Daga nan za ta tafi ƙaramar hukuma a shiga da ita EC8C, sannan jiha. Wanda lissafinsa bai daidaita ba a mayar da shi gefe ya nemo inda ya ɓata. Na ga wani kofa namiji zaune a dandamali ya dafe kai, rumfarsa an yi hargitsi an fasa akwati, maimakon sakamako fom ɗin sokewa zai cike. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare aka karɓi tamu. Da jami'in ya ce ta yi, Kofa ta zauna a ƙasa ta fara kuka, ni kuma na ji yunwar da na manta da ita tun safe. Na miƙa na'ura aka rubuta an karɓa, na kwana a wurin, na isa gida bayan asuba.

Lahadi da ita rediyo ba ta huta ba a gidanmu. Ƙananan hukumomi 44 ne, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya, yanzu wannan na gaba, an jima wancan. Ƙauyuka suna ɗaga Baba, ƙananan hukumomin cikin birni suna ɗaga Yaya. Zuwa dare saura Nasarawa kaɗai, kuma Abba na gaba. A unguwa matasa sun fara zagaye da babura. Cikin daren aka ji an yi hatsaniya a wurin tattara sakamakon Nasarawa, an yaga takardun mazaɓar Gama, har 'yan sanda, ƙarƙashin Kwamishina Mohammed Wakili da 'yan Kano ke yi wa laƙabi da Singham, sun kama wasu manyan jami'an gwamnati. Da na ji an ce an yaga takarda, Kofa na tuna da fom ɗinta a cikin riga.

Ranar Litinin 11 ga Maris baturen zaɓen, Farfesa Bello Shehu, ya karanta: PDP 1,014,474, APC 987,819. Yaya ya miƙe tsaye. Sai farfesan ya ci gaba, ya ce zaɓe bai kammala ba, wato inkonkulusib a Turance. A ranar kalmar inkonkulusib ta shiga bakin Kanawa, har yau kuma ba ta fita ba. Mai shayi ma idan bai cika maka kofi ba sai ka ji an ce ya yi inkonkulusib.

Yaya ya juyo kaina kamar ni na sanar. "Kai da ka yi musu aiki, gaya mini, wanda ya fi ƙuri'a ba shi ya ci ba?" Na ɗauko littafin horona na nuna masa. Ratar 26,655 ce. Masu rajista a rumfunan da aka soke sun haura 100,000, Gama kaɗai ta fi 40,000. Ƙa'ida ta ce idan waɗanda aka soke wa zaɓe sun fi ratar yawa, ba a bayyana wanda ya ci sai an sake a wuraren. Ya ce, "To ashe wanda ya ga zai faɗi, ya fasa akwati kawai." Na ce ƙa'idar an yi ta ne don kada a ci zaɓe ta hanyar hana wasu yin nasu. Ya ce ai ga shi ta zama tsani. Baba bai sa baki ba, yana ta jan carbi. Har yau ina ganin ni da Yaya duk mun faɗi gaskiya, kuma takardu ukun nan da suka ɓata hanya a rumfarmu, da ba a gano su ba, da mu ma muna cikin lissafin da aka soke, ba tare da ko mutum ɗaya ya yi niyyar maguɗi ba. Sokewa iri-iri ce, amma a takardar farfesa duk lamba ɗaya suke zama.

Ba Kano kaɗai ba ce. Jihohi shida aka ce zaɓensu bai kammala ba: Kano, Sakkwato, Bauci, Adamawa, Filato da Binuwai, kuma a duk shidan gwamna mai ci ne ke neman komawa. Na Bauci da na Adamawa ba su koma ba. Tambuwal a Sakkwato da ƙuri'a 342 ya tsira.

Aka sa 23 ga Maris don zaɓen cike gurbi a ƙananan hukumomi 28. Cikin makonni biyun nan Gama ta zama 'yar gata, motocin aikin titi da na haƙa rijiyar burtsatse suka sauka a unguwar, 'yan siyasar kowane ɓangare suna sintiri gida-gida. Rumfarmu ba ta cikin waɗanda za a sake, amma an ce ana neman ƙarin ma'aikata, na kuma so in je. Umma ta ce, "Idan ka fita gidan nan ranar Asabar ban yafe ba." Ban taɓa jin ta faɗi haka ba, kuma Baba da Yaya, a karon farko cikin wata shida, suka goyi bayan magana ɗaya. A rediyo da waya na bi ranar. Hotunan da suka riƙa yawo na matasa ne da gora da makamai a bakin rumfuna. Masu sa ido na Tarayyar Turai sun ce an yi barazana ga masu zaɓe a sassan Kano. PDP ta ce ba zaɓe aka yi ba, APC ta ce lafiya aka yi aka gama.

Ranar Lahadi 24 ga Maris aka sanar. A zagaye na biyu APC ta samu 45,876, PDP 10,239. Jimilla Ganduje 1,033,695, Abba 1,024,713, rata 8,982. Na zaci Baba zai ɗaga yatsunsa takwas. Bai ɗaga ba, ya kashe rediyo ya ce a ba shi buta. Yaya ya shiga ɗaki bai fito ba sai washegari, ya fito da jar hularsa a kai, ya gaishe da Baba kamar kullum, Baba ya amsa kamar kullum. Shari'a ta tafi har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar wa Ganduje kujerarsa ranar 20 ga Janairun 2020.

Kofa ta gama hidimarta ta koma gida, mun yi waya sau biyu daga nan zumunci ya yanke. Alawus ɗin ya shigo ina tsakiyar rubuta babi na uku na furojet. Na biya mai buga takardu, na sayi takalmi, Yaya ya ari dubu biyu a ciki ya ce zai biya idan an rantsar da gwamnansa.